Shekarar da Muka Daina Kai Takardu Teku

Asma'u, ranar Babbar Sallar da ta wuce, kina kicin kuna suyar nama da mahaifiyarku, na ji kin ce ke ce kika raba ni da Malam Isuhu. Ban tanka ba, domin akwai baƙi a falo, kuma ba a gyara wa matar aure zance a gaban dangin mijinta. Amma maganar ba daidai ba ce, ba na kuma so ki tsufa da ita, balle ki miƙa wa 'ya'yanki ita a haka. Saboda haka a wannan babin zan ajiye labarin tuƙin taksi, in tsaya a kan shekara guda, shekarar da kike aji biyu a kwaleji. Kai ma Bashir ka karanta a natse, don lokacin kana can wurin aikinka a wata jihar, guntu-guntu kawai kake ji ta waya. Zan bi abin daki-daki yadda ya faru, ba zan sa na baya a gaba ba.

Sai in fara da kwalin. Masallacinmu na unguwar Morrisania a New York ɗaki ne a ƙarƙashin wani tsohon bene, kun san shi, nan kuka yi karatun Asabar da Lahadi. Ni aka ba kula da shi: mabuɗi, dardumomi, butoci, da na'urar ɗumama ɗaki da ba ta taɓa fitar da lokacin sanyi guda lafiya ba. A kan wata kanta kusa da inda liman ke tsayawa na ajiye kwali. Duk mai takardar da ke ɗauke da sunan Allah ko aya, wadda ta gama amfani, nan yake kawo ta: kalandar bara, littafin karatun yara da ya yayyage, takardar addu'a, katin ɗaurin aure mai bisimilla a ka. Irin wannan ba a jefa ta a shara, wannan kowa ya tashi ya tarar. A Yauri abin ba wuya. Ko a tona rami a gefen gona a binne, ko a ƙone a tattara tokar, ko a shiga kwalekwale a kai tsakiyar kogin Kwara a saki, ruwa ya narkar da takardar da tawadarta. A New York kuwa duk hanyoyin suka toshe. Ƙonawa mun gwada sau ɗaya, a cikin tsohuwar tukunya a bayan ginin, sai ga motocin kwana-kwana biyu, mai gidan kuma ya ce in aka sake zai kore mu. Ƙasa, ko taki ɗaya ba mu mallaka ba. Saura ruwa.

Wanda ya ce a kai teku Malam Isuhu ne. Mutumin Gaya ne ta Nijar, tela, shagonsa na kan layin 116 a Harlem, gidansa kuma layi biyu ne daga namu. Ya girme ni da shekara goma sha biyu. Ranar da na sauka ƙasar nan da jaka ɗaya da adireshin wani da ya riga ya tashi, shi ya tsince ni a ƙofar masallaci, na yi wata bakwai ina kwana a ƙasan ɗakinsa tsakanin bandiran shadda. Shi ya raɗa miki suna, Asma'u, kuma har ya bar ƙasar nan bai taɓa kiranki da komai ba sai ɗiyata. Gaya da Yauri kogi ɗaya ne, su a sama mu a ƙasa, don haka bai taɓa barina na sarara ba. Kullum sai ya tuna mini cewa ruwan da suka yi wanka da shi ne muke sha. Ni kuma in ce masa shi ya sa muka fi su haƙuri.

Nan ga abu na farko da nake so ku riƙe. Zuwanmu na fari, Malam ya naɗe takardun ne cikin guntun farin yadi daga shagonsa, ya sa ɗan dutse a ciki. Da muka kai ƙarshen doguwar gadar katakon nan ta Coney Island wadda ta shiga cikin teku, na leƙa ƙasa, na ga kumfa mai datti da gwangwani suna yawo, sai raina ya ƙi. Na ce sunan Allah ba zai taɓa wannan ruwan ba. Zuwa na biyu ni na taho da leda. Malam ya ce a gida ba a sa komai, ruwan ne ake so ya ci takardar. Na ce wannan ba ruwan gida ba ne. Ya bar mini, don ni ɗan masunta ne, yana ganin na fi shi sanin ruwa. Daga nan na kafa tsari, ban kuma taɓa saɓa shi ba. A jera takardun, manya a ƙasa. A sa rabin bulo. A zura cikin baƙar leda uku, ɗaya cikin ɗaya. Sannan a ɗaure da shuɗiyar igiyar nailan, da ƙullin mahaifina, wanda yake ɗaure kwalekwale da shi a bakin Kwara, ninki biyu a soke kan igiyar ta ƙasa. Ƙullin nan ba ya kwancewa, kuma ina alfahari da hakan. Teku ta Malam ce, leda tawa ce.

Shekara tara muna yi, Lahadin farko ta kowane wata biyu. Da an sallame asuba sai in kawo mota ƙofarsa. Shi ke zuwa da fulas ɗin shayi mai citta da kanumfari, ni da burodi da dafaffen ƙwai daga hannun mahaifiyarku. Hanya fayau, garin bai tashi ba, Malam a gaba ya ɗora ƙullin a cinyarsa, don bai yarda a sa shi a but ɗin mota ba. A kan gadar akwai tsofaffin 'yan Rasha da 'yan Sin masu kamun kifi da ƙugiya, har sun saba da mu, wani mai jar hula yakan ɗaga mana hannu. Mukan je can ƙarshe, mu ɗan jira har idon mutane ya bar kanmu, Malam ya yi addu'a, ni in saki. Ban taɓa tambayar kaina dalilin da ya sa muke jiran ba. Bayan nan sai mu zauna a benci, mu zuba shayi a murfin fulas da kofin roba, mu yi awa guda. Ya ba ni labarin gidan da yake ginawa a Gaya, ɗaki ɗaya kowace shekara, da wanda ya rasu, da inda ruwa ya kai bana. Ni in ba shi labarin fasinjoji. A duk zamana na New York, wannan awar ce kaɗai ba wanda ke danna mini hon, ba wanda ke jirana. Wata safiya muka ga gadon bayan wasu dabbobin teku uku da ake kira dolfin suna fitowa suna nutsewa can nesa kaɗan. Malam ya miƙe tsaye da kofinsa, ya daɗe yana kallo, sannan ya ce a ƙasar nan har aljanun ruwa a fili suke yawo, ba kunya. Muka yi ta dariya kamar yara.

To, sai ke. A shekarar nan kika shiga cikin wasu 'yan sa-kai masu kula da dabbobin teku. Asabar ku tafi tsintar shara a bakin ruwa, wani lokaci a kira ku in wata dabba ta fito gaɓa, da rani kuma ku bi jirgi kuna ɗaukar hoton manyan nan da ku kuke kira whale, mu dattawa muke ce wa kifin Annabi Yunusa. An ce sun dawo kusa da garin bayan sun daɗe ba a ganinsu. Gidanmu ya cika da zancensu. Mahaifiyarku ta ce 'ya'yan mutane na karatun likita, tata tana karatun kifi, kifin ma wanda ba a ci. Kika daina karɓar leda a shagon kayan miya, kina yawo da jakar yadi kamar mai zuwa cin kasuwar ƙauye. Ita kuwa tana da ledarta ta ledoji a ƙarƙashin wurin wanke-wanke, ta ce duk wanda ya taɓa mata ita zai gane kurensa. Ni ban shiga ba. Amma na tuna ranar da kika ce mana waɗannan ba kifaye ba ne, iska suke shaƙa, haihuwa suke yi, suna shayar da 'ya'yansu nono. Mahaifiyarku ta ce ƙarya Turawa suke yi miki. Na ce a'a, gaskiya ne, ai haka ayu yake a Kwara, na gan shi da idona. Kika ajiye cokali kika juyo, kika yi ta tambayata a kan ayu da mahaifina da yadda ake jan taru, har tuwo ya huce. Rabon da ki zauna ki tambaye ni wani abu tun kina firamare.

Kin san muna kai takardu teku, kowa ya sani. Abin da ba ki sani ba shi ne yadda nake naɗe su.

Wata Asabar ce a farkon zafi, bayan la'asar, ina falo ina gyara wayar fanka. Kika shigo ba ki wuce banɗaki ba yadda kika saba. Mahaifiyarku tana maƙwabta. Kika buɗe jakarki kika fito da hijabin da kike sallah da shi a waje, a dunƙule, kika ɗora a tebur kika warware a hankali. Baƙar leda ce a yage, gansakuka ta kama ta. Bulon babu. Takardun sun zama baƙin kunu, sai 'yan kaɗan da ake iya karantawa, da katin ɗaurin auren 'yar wani ɗan masallacinmu, mai sheƙin nan, wanda ko kalma ɗaya ba ta goge ba. Igiyar na nan, ƙullin na nan daram. Ke da kullum in an yi miki Hausa kike amsawa da Turanci, ranar da Hausa kika fara.

"Baba, wannan ɗaurinka ne. Haka kake ɗaure kayan da muke aikawa gida."

Kika ce a yashi kika same shi, a wata gaɓa da ba ta da nisa da gadar, tsakanin gwangwanayen giya da sawun karnuka, takardun sun watse. Kika ce kin cire safar hannun da kike tsintar shara da ita, kin tsince su ɗaya-ɗaya da hannunki, ba ki sa a buhun shara ba, ba ki kuma nuna wa ko mutum ɗaya cikin abokan aikinki ba. Da Hausar ta ƙare miki kika koma Turanci. Kika ba ni labarin wani dolfin da ya mutu a gaɓa, aka buɗe cikinsa kina wurin, aka tarar da leda ta toshe shi, ya mutu da yunwa alhali cikinsa a cike. Kika ce igiya irin wannan takan naɗe wutsiyar manyan, ta yi ta cin nama shekara da shekaru. Sannan kika sake komawa Hausa.

"Guda nawa ne a cikin ruwan, Baba?"

Abin da na amsa ba abin alfahari ba ne, amma na ce zan faɗi komai. Na tambaye ki wa ya koya miki tsare ubanki da tambaya. Na ce wannan sha'anin addini ne, ba na 'yan makaranta ba. Na kwashe hijabin da abin da ke ciki na shige ɗaki na rufe ƙofa. Kwana uku in kin gaishe ni in amsa, ba ƙari. Amma tun kafin in kai ƙofar ɗakin na riga na yi lissafin a kaina, don ni ba na iya jin tambayar adadi in ƙyale. Shekara tara, sau shida a shekara, ƙulli biyu galibi. Sun haura ɗari. Kowanne leda uku.

Rana ta uku mahaifiyarku ta kawo mini abinci, ta ajiye, ba ta tafi ba. Ita da ta fi kowa yi wa kifayenki ba'a, ita ta tsaya a kaina.

"Alhaji, ni dai in tambaya. Fushin nan da wa ake yinsa? Da yarinyar, ko da igiyar?"

Washegari na ce miki ina so in ga dabbar da idona, don ni ba na yanke hukunci a kan abin da aka ba ni labari. Kika samo mini wuri a jirgin da kuke bi, daga wajen Rockaway. Rana tsaka muka fita. Ni da na tashi a kwalekwale, sai ga ni na ƙanƙame ƙarfe cikina na juyawa, don tashin teku ba irin na kogi ba ne. Kika miƙo mini alewar citta. Kusan awa biyu ba mu ga komai ba sai tsuntsaye, har na fara shirya abin da zan ce miki a hanyar komawa. Can sai na ga wani wuri ruwan ya yi duhu yana tafasa. Wannan na san shi tun ina yaro, garken ƙananan kifi ne abu ya taso su daga ƙasa. Kafin in nuna miki, sai kan kifin Annabi Yunusa ya ɓullo daga tsakiyarsu, tsaye, baki a wangame, bakin da motata za ta shige ba ta taɓa gefe ba. Maƙogwaronsa ya kumbura kamar salka, kifaye na zubowa ta gefe, ya rufe bakin, ya koma a hankali. A bayansa ga benayen Rockaway nan ana gani, har da mutane a bakin ruwa. Jama'ar jirgin suka yi ta ihu suna ɗaukar hoto. Ni abu ɗaya na gani. Ba ya zaɓe. Yadda taru yake kwashe duk abin da ke gabansa, haka yake cin abincinsa, abin da ke cikin ruwan nan duk nasa ne. Na tsaya ina tunanin ƙullin mahaifina, wanda ba ya kwancewa.

Muka kama hanyar gida a mota. Sai da muka hau babbar hanya na ce miki an daina. Kika juya kina kallon taga, na ga kina share ido da bakin mayafi, na yi kamar ban gani ba.

Har nan ban yi abin da nake nadama ba, in ban da fushin kwana uku. Kuskuren yana gaba, kuma ga shi. Saura kwana goma Lahadinmu ta zuwa teku ta zo. Daga inda muke, in na so, minti kaɗan ne in ratsa ta Harlem in tsaya a shagon Malam, in zauna a bencinsa in ce ga abin da ɗiyarka ta tsinto. Ban ratsa ba. Na ce wa kaina wannan maganar masallaci ce, maganar masallaci kuwa kwamiti ake kai wa, komai da hanyarsa. Haka na faɗa wa mahaifiyarku ma da ta ce in fara ganinsa. Gaskiyar ita ce na kasa haɗa ido da shi mu biyu. Malam ya sha gaya mini a kan bencin nan cewa shi ba malamin kirki ba ne, ba mai dukiya ba ne, wannan ɗan aikin na tsare sunan Allah shi ne guzurin da yake fatan tararwa. Na ga ya fi mini sauƙi in faɗa a gaban mutum goma sha biyu da in faɗa a gabansa shi kaɗai.

Ranar Lahadi bayan azahar kwamiti ya zauna. Malam na gefen liman, yana jan carbi, bai san komai ba, har ya yi mini zolayar ruwan wanka da na shigo. Da aka zo kaina na miƙe na bi abin a jere yadda na saba. Na ce ga yadda muke yi, ga abin da aka tsinto, ga inda aka tsinto shi, ga abin da leda ke yi wa dabbobin ruwa, ga kuma abin da Asma'u ta ce, cewa dokar garin ma ta hana jefa komai a teku. Sannan na warware hijabin a kan darduma a gaban kowa. Wanda katin 'yarsa ke ciki ya ɗauka ya juya shi, ya ajiye. Ɗakin ya yi tsit. Sai Alhaji Mumuni, mutumin Kumasi mai shagon kayan masarufi, wanda ba ya iya ganin shiru ya ƙyale, ya ce, "To Malam, ashe shekara tara kifi kuke yi wa tuwon leda." Wasu suka yi dariya. Ba da mugunta ya faɗa ba, halinsa ne. Amma Malam ya kira, ba ni ba, domin kowa ya san zuwa teku shawarar Malam ce. Ni kuma tun da na fara magana "mun yi" nake cewa, "mun ɗaure", "mun saka". A daidai wannan lokacin ya kamata in ce ledar tawa ce, shi farin yadi ya kawo, har ya hana ni na ƙi ji. Kalma ashirin ba ta cika ba. Na tsaya ina naɗe hijabin, ban faɗa ba. Malam bai kare kansa ba. Ya dube ni sau ɗaya, ya mayar da carbinsa aljihu. Liman ya yanke cewa a daina kai wa teku, zai nemi izini a maƙabartar Musulmi da muke kai mamatanmu a New Jersey a riƙa binnewa a gefe. Aka shafa fatiha. Kafin in gama rufe tagogi Malam ya sa takalmansa ya tafi.

Juma'ar da ta biyo bai zo ba, aka ce a Harlem ya yi. Ta gaba ma haka. Sai da na yi sati biyu sannan na je shagon. Na same shi a kan keke, tef a wuya, yana haɗa wuyan wata riga. Ya amsa sallama da kyau, ya share mini kujera, ya aika aka kawo mini shayi daga gidan abincin 'yan Senegal da ke kusa, a kofin tangaran da faranti, irin wanda ake kawo wa baƙo. Wannan kofin ya fi mini zagi ciwo. Ya tambayi iyali ɗaya-ɗaya. Sai da ya kai ƙarshen ɗinkin ya yanke zare, sannan ya ce, bai ɗago ba:

"Garba, hanyar shagon nan ɓace maka ta yi? Shekara tara kana zuwa ƙofata da asuba. Rana ɗaya da ya kamata ka taho, sai ka tahi wurin kwamiti."

Na ce na yi kuskure. Na ce ledar tawa ce.

"Na sani. Kai ma ka sani. Su ne ba su sani ba."

Na ce zan tashi ranar Juma'a in faɗa. Ya ce in na ga dama. Na kuma tashi na faɗa, bayan an sallame, da sunana da komai. Amma shi ba ya nan, mutane kuma na neman takalmansu za su koma aiki, wani ya ce ai wannan ya wuce, Alhaji, Allah ya yafe mana baki ɗaya. Maganar da za ta yi nauyi ranar Lahadin can, ranar nan ba ta ɗauki komai ba. Na koma shagon na gaya masa, ya ce madalla. Na ce to ko ba takardu, mu riƙa zuwa gadar mana, mu sha shayinmu yadda muka saba.

"Mu tahi mu yi mi? A da, aiki ke kai mu. Ni ban iya zaman kallon ruwa ba."

Bai yi gaba da ni ba, kada wani ya ce muku ya yi. In mun haɗu mukan gaisa, ya zo ɗaurin aurenka, Bashir, shi ya ɗinka maka babbar riga bai karɓi ko sisi ba. Amma bai sake shiga gaban motata ba, bai kuma sake ce mini ruwan wankansu nake sha ba. Takardun kuwa ni kaɗai nake kai su New Jersey, a cikin farin yadi, in tona in binne a gefen katanga, in juyo. Minti ashirin ya ishe ni, ba benci a wurin. Bayan shekara biyu ginin Gaya ya kammala, ya sayar da kekunansa ya koma gida. Wani ɗan Maraɗi ne ya kai shi filin jirgi. Ni mai taksi, layi biyu tsakaninmu, sai da ya kwana a Yamai na ji.

Ban taɓa cewa da na sani da ban daina ba. Na ga bakin nan a buɗe, ba wanda zai sa in sake jefa leda a ruwa, ko Malam ne. Dainawar daidai ce. Hanyar da na bi ce ba daidai ba, ita ce kuma ta ci mini abokina.

Bayan ya koma nakan kira shi kowace Sallah, mu gaisa, mu yi maganar damina, minti uku ko huɗu. Kiran ƙarshe, watanni kaɗan kafin rasuwarsa, muryarsa ta yi ƙasa sosai, ina jin awaki a bayansa. Har mun yi sallama sai ya ce in tsaya. Ya tambaya ko kifayen ɗiyarsa suna nan. Na ce suna nan, har yanzu tana bin jirgi tana ɗaukar hotonsu. Ya yi ɗan tari, sannan ya ce:

"Ka ce mata ta riƙe aikinta. Ita ta yi nata daidai. Ta tsinci abin kunyar ubanta a yashi, ta rufe shi da hijabinta, ta kawo mashi gida. Ba ta kai shi gaban jama'a ba."

Na ce zan gaya miki. Ban gaya miki ba, Asma'u, shekara da shekaru, saboda rabin saƙon naki ne, rabin kuma a kaina yake. Ga shi yau na isar.